Wa Ya Biya Kuɗin Wutar Nan?

'Ya'yana samari da 'yan matan Nima da Mamobi, da 'yan uwanku na Sabon Zongo da Fadama da Madina. Maganar wuta zan yi da ku, wutar lantarki. Zan fara da abin da na san mun yi ittifaƙi a kai, sannan in kai ga wanda zai ɗan yi muku nauyi.

Duk wanda ya yi wayo a cikinku kafin 2015 bai manta da dumsor, zamanin ɗauke-ɗauken wuta, ba. Abin ya soma ne a watan Agustan 2012, lokacin da wani jirgin ruwa ya fasa bututun da ke kawo iskar gas daga Najeriya, a daidai gaɓar Togo. Ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, bashi ya yi wa kamfanonin wuta katutu, har aka kai ga jadawalin ɗauke wuta awa 24 a dawo da ita awa 12. Tela ya karɓi ɗinkin Sallah ya shiga wasan ɓuya da masu kaya. Mai sobolo da ƙanƙara ta zubar da jarinta a kwata. Mai janareta ya kwana da fanka, maƙwabtansa suka kwana da ƙara da hayaƙi. Wanda ya ga wannan zamani, in ya hangi fanel ɗin sola a kan kwanon masallaci ko na shagon magani, dole ya ce alhamdu lillahi. Ni ma haka nake cewa. Rana dai Allah ya ba mu ita a wadace, ba ta hayaƙi, kuma ba wanda zai fasa mata bututu. Ku rungumi sola, ku koyi aikinta, ku ci abinci da ita.

Sai dai ina so ku riƙe abu guda tun yanzu: kuɗin da kuke loda wa mita wani yanki ne kawai na kuɗin wuta. Ragowar wasu ne ke biya, da gonakinsu da maƙabartun iyayensu da lafiyar 'ya'yansu, kuma sau tari ba su ne ke shan hasken ba. Wannan ya shafi har wutar da ake kira mai tsabta, wadda ake samu daga ruwa da rana da iska. Mu 'yan zongo mun taɓa biyan wannan kuɗi sau ɗaya ba a tambaye mu ba, yanzu kuma muna gab da sake biyansa da hannunmu.

Ku ɗauki Akosombo, uwar wutar ƙasar nan. An fara gina madatsar a 1961, aka gama a 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1966, wata guda kafin soja su hamɓarar da shi. Yau tana iya ba da megawat 1,020. Ba ta ƙona mai, ba ta fid da hayaƙi. A ma'aunin masana na yanzu, makamashi ne mai sabuntuwa tun kafin kalmar ta zama abin yayi. To amma kafin injin farko ya juya, sai da ruwa ya mamaye ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 8,500, wato sama da kashi 3 cikin 100 na Ghana baki ɗaya. Mutum kusan 80,000 aka tasa daga garuruwa da ƙauyuka sama da 700, aka zuba su a sababbin matsugunai 52. Manomin da ya gaji ƙasa mai albarka a bakin kogi ya wayi gari a ɗaki ɗaya na bulo, a kan ƙasar wasu, da alkawarin za a ƙara masa ɗakuna a ba shi gona.

A cikin garuruwan da ruwan ya ci akwai wanda ya kamata kowane ɗan zongo ya san sunansa: tsohon Kete Krachi. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fatake da malamai suka watse, da yawansu suka sauka Kete, garin ya cika ya batse da cinikin goro da gishiri da shanu. A nan ne Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna ya yi limanci, ya karantar, ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami, har Allah ya karɓi ransa a 1934. Almajiransa suka bazu zongo-zongo, kuma da wuya ku bi salsalar karatun wani babban malami a ƙasar nan ba ku ji an ambaci sunansa ba. Shekara 30 bayan rasuwarsa tafki ya fara cika. Kete Krachin da kuke gani yau sabon gari ne da aka gina a kan tudu. Saboda haka in ɗayanku ya kunna fitila a Nima zai yi tilawar dare, ya sani lungunan da malaman malamansa suka taka suna ƙarƙashin ruwan da ya ba shi hasken nan.

Ɓarnar ba ta tsaya ga tashin gari ba. Ruwan da da yake gudu ya tsaya cik, ciyawa ta cika gefensa, katantanwa ta hayayyafa, tsargiya ta samu gida. A wasu ƙauyukan bakin tafki mafi yawan yara suka koma fitsarin jini. Itatuwan da ba a sare ba kafin ruwa ya hau suna nan tsaye a ƙarƙashinsa, suna huda jiragen kwale-kwale har gobe, ana asarar rayuka. A ƙasa da madatsar kuwa, mutanen Tongu da suka rayu a kan ambaliyar shekara-shekara, wadda ke shayar da fadamunsu ta cika musu tafkunan kifi, suka ga ambaliyar ta daina zuwa. Sana'ar kamun kawa, wadda mata ne ƙashin bayanta, ta durƙushe. Yashin da kogi ke kai wa bakin teku ya maƙale a bayan bango, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa teku ya yi ta cin gaɓar Ada da Keta.

Wa ya sha wutar? Kaso mai tsoka ya tafi masana'antar narka alminiyam ta VALCO a Tema, wadda a lokacin kamfanin Kaiser na Amurka ke da mafi yawan hannun jarinta, a kan farashi mai rahusa ƙwarai. Accra da Kumasi suka haskaka, aka sayar wa Togo da Benin. Da yawa daga cikin matsugunan nan 52 kuwa sun yi shekaru masu yawa suna kunna aci-bal-bal. Sai a 1996 hukumar VRA mai kula da madatsar ta kafa asusu na musamman don taimaka musu, bayan yaran da aka goyo ranar ƙaura sun zama iyaye.

Kuma bashin bai ƙare ba. A ranar 15 ga Satumban 2023, ruwa ya yi wa madatsar yawa, aka fara sakinsa daga Akosombo da Kpong don kada bangon ya samu matsala. Kafin Oktoba ya ƙare, fiye da mutum 26,000 sun rasa matsuguni a Mepe da Battor da Sogakope da kewaye. Kun ga hotunan a wayoyinku. Jikokin waɗanda aka hana wa ambaliya mai amfani ne aka aika wa mai cinye gida.

Kada ku ɗauka ina tsine wa Akosombo. Da za a mayar da ni 1961 a ce a gina ko a fasa, cewa zan yi a gina, domin ba ƙasar da ke tashi a cikin duhu, kuma asibitin Korle Bu da famfon Kpong ba da addu'a kaɗai suke aiki ba. Laifin da nake gani na lissafi ne. An ƙirga megawat har na ƙarshe, ba a ƙirga kifi da fadama da lafiyar yaro da irin wannan ƙwazo ba, kuma waɗanda za su biya ba su da kujera a inda aka yanke shawara. Haka aka yi wa 'yan uwanmu a Najeriya lokacin da madatsar Kainji ta cinye tsohon garin Bussa a 1968. Zamanin ne ya zo da haka, in ji wasu. To, mu ga abin da aka yi da zamani ya sake.

Madatsar Bui, a kan Baƙin Volta, kamfanin Sinohydro na Sin ne ya gina ta, aka buɗe ta a watan Disambar 2013, mai megawat 400. Wannan karon an yi nazarin muhalli tukuna, kuma mutum 1,216 aka tasa, ba 80,000 ba. An samu ci gaba, a faɗi gaskiya. Amma tafkin ya cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na gandun dajin Bui, wanda aka keɓe tun 1971, kuma yankin da ya ci shi ne bakin kogin da dorinar ruwa ke kiwo, a ɗaya daga cikin wurare ƙalilan da ta rage a Ghana. Wani a cikinku zai ce, Baba, mu da ke fama da kuɗin haya, ina ruwanmu da dorina? Tambaya ce mai kyau. Amsata ita ce, gandun da doka ta keɓe alkawari ne da ƙasa ta ɗauka. Ranar da aka saba da karya irin wannan alkawari don an ga riba, ba a kan dorina zai tsaya ba. Da wannan hujja ce dai ake shiga dajin da ruwan shanku ke fitowa.

Ina nufin Atewa, a yankin Gabas. Daga tsaunukansa kogunan Densu da Birim da Ayensu suke ɓuɓɓugowa, kuma Densu ne ke cika madatsar Weija da ke shayar da yammacin Accra. A ƙarƙashin dajin akwai ma'adinin bauxite, wanda da shi ake yin alminiyam, irin wanda ke zagaye da kowane fanel na sola. A 2018 gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 2 da Sinohydro, a gina hanyoyi a biya da kuɗin wannan ma'adini. A 2020 ƙungiyar A Rocha Ghana da wasu suka kai ƙara kotu don a bar dajin. Can kuma a Ewoyaa, kusa da Mankessim, an ba kamfanin Atlantic Lithium izinin haƙar lithium a watan Oktoban 2023, ma'adinin da ke cikin batirin wayarku da na motocin lantarkin Turai. Duniya na son ta rabu da hayaƙin mai, kuma tana da gaskiya. Sai dai kayan aikin rabuwar daga ƙarƙashin gonar wani ake tono su.

Iska ma haka take, a taƙaice. Inda ta fi kaɗawa a ƙasar nan shi ne bakin teku wajen Ningo da Ada da Anloga, kuma a nan ne tafkunan Songor da Keta suke, waɗanda ke cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta kare, inda tsuntsayen da ke tsere wa sanyin Turai suke sauka. Ana iya kafa injin iska a kauce wa hanyarsu, in an yi niyya tun wajen zaɓen wuri.

Zaɓen wuri shi ne rabin maganar sola ma. Tun 2011 majalisa ta yi dokar makamashi mai sabuntuwa, aka ɗauki burin kai kashi 10 cikin 100 a 2020, ba a kai ba, aka ɗaga zuwa 2030. An fara da ƙaramar tashar Navrongo a 2013, megawat 2.5, sannan Lawra da Kaleo suka biyo baya. Waɗannan ƙanana ne. Manyan suna tafe, kuma kowane megawat ɗaya yana cin fili kamar eka 4 zuwa 5. Ku da kuke da dangi a Wa da Tamale da Bawku kun san abin da mutumin ofis ke kira fili ba kowa. A cikinsa ne kaɗanyar da kakarku ke tsintar 'ya'yanta take, da ɗorawar da ake yin daddawa da ita, da burtalin da shanu ke bi zuwa Kudu. Kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, buldoza kuwa minti biyu ya ishe ta. Ga kuma masu gawayi sun riga sun sa ta a gaba, don tukwanen waakye da tuwon zafinmu na Accra su tafasa. Mu ma da hannunmu a ciki.

Alhali akwai inda za a shimfiɗa fanel ba a sare ko reshe ba. A kan tafkin Bui an jera masu yawo a kan ruwa na megawat 5, kuma wannan dabara ce da ta cancanci yabo, tunda ruwan ya riga ya ci wurin, ga kuma wayoyin ɗaukar wuta a kusa. Akwai filayen da 'yan galamsey masu haƙar zinariya suka farke suka bari. Sannan akwai kwano. Nima ba ta da wadataccen fili, amma wanda ya hau bene ya duba daga Kanda har Mamobi ba abin da zai gani sai rufi yana shan rana a banza. Na san matsalolin: kwanon ya yi tsatsa, gidan na gado ne mai magada goma sha, ɗan haya ba zai kashe kuɗi a rufin wani ba. Shi ya sa nake ganin a fara da abin da yake na kowa, masallatai da makarantun Islamiyya da rumfunan kasuwa. An kafa Asusun Raya Zongo da doka tun 2017. Wannan na cikin abin da ya dace ku je ku nema da takarda a hannu.

Yanzu ga inda maganar ta shigo tsakar gidanmu. Fanel mai kyau yakan yi shekara 25 yana aiki. Batirin da ke ajiye wutar don dare kuwa, irin mai ruwa ko mai kama da na mota wanda mafi yawanmu ke iya saya, a zafin ƙasar nan shekara biyu zuwa huɗu yake yi ya mutu. Ke nan kafin fanel ɗaya ya tsufa ya binne batir shida ko fiye. Fiye da rabin nauyin kowane ɗaya dalma ce, sauran ruwan asid ne da roba. Wanda ya ɗora sola bai yi tunanin inda mataccen batir zai je ba, kamar wanda ya yanka ragon Layya ne a gidan haya bai tanadi inda zai zubar da kayan ciki ba: shi ya ci nama, maƙwabta su sha wari.

Kun san inda yake zuwa. Ɗan gwangwan ya turo kura ya saya. Tunda a kan sikeli za a biya shi kuma mai saye ba ya son ruwa, sai ya fasa bakin ya tuntsurar da asid ɗin a kwata. Kwatar Nima ta kai shi kogin Odaw, Odaw ta kai shi tafkin Korle, Korle ta miƙa wa teku, inda masuntan Jamestown ke jefa taru. Wani kuma ya sa adda ya tsaga batirin a bayan gida, ya narka dalmar a tukunya a kan gawayi. Ƙurar ta sauka a ƙasar da yara ke rarrafe, ta bi rigarsa zuwa ɗakin matarsa. Dalma ba ta ruɓewa, ruwan sama ba ya wanke ta ta ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a kira lafiya lau. Mai yawa tana kawo farfaɗiya da mutuwa. 'Yar kaɗan kuwa ba ta sa zazzaɓi balle a gane. Ƙwaƙwalwa take ci a hankali, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Sai a ga yaro ya kasa riƙe karatu, malam ya yi ta bulala, uwa ta yi ta neman rubutu, alhali abin daga ƙasar tsakar gida yake.

Ba tatsuniya nake muku ba. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke bakin Dakar, inda mutane suka mai da fasa batir da tankaɗe ƙasarsa sana'a, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. A Zamfara, a 2010, fiye da yara 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega. A can daga dutsen zinariya dalmar ta fito, amma hanyar ɗaya ce, an kawo aikin cikin gida ana daka shi kusa da inda yara ke wasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A nan Accra kuma kun san Agbogbloshie, inda ƙannenmu da yayyenmu daga Arewa suka yi shekaru suna ƙona waya don su fid da tagulla, har a 2013 aka sa wurin cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya. A watan Yulin 2021 hukuma ta rushe shi. Masu kallo daga nesa suka yi tafi. Amma rushe kasuwa ba ya kashe sana'a; aikin ya watsu ne zuwa ƙananan wurare a cikin unguwanni, kusa da ɗakunan kwana, inda ba mai gani. Ni ba na zargin ɗan gwangwan. Yaro ne da ya baro gida don neman halal, kuma shi ne na farko da gubar ke ci. Da ba don shi ba ma, da tarkacen birnin nan ya binne mu. Abin da ya rasa shi ne wanda zai saya daga hannunsa da ruwan batirin a ciki, a farashin da ba zai sa shi ya zubar ba.

Abin takaicin shi ne, batirin dalma na cikin kayan da aka fi iya sake sarrafawa a duniya. Kusan dukkansa ana iya mayar da shi sabo in an yi aikin a masana'anta mai tace hayaƙi. Akwai masu lasisin wannan aiki a yankin Tema. An kuma yi doka a 2016, mai lamba 917, a kan shara mai guba da tarkacen kayan lantarki, har da harajin da ta ɗora a kan kayan da ake shigowa da su don a biya kuɗin tattara su. Tsakanin dokar da lungun Mamobi ne aka bar rami, kuma ramin nan ku ne za ku iya cike shi, ku ma ci riba a ciki.

Ga abin da nake roƙonku. In za ku sayi sola, ko za ku saya wa Hajiya, kafin ku tambayi farashi ku tambayi mai shago: in batirin nan ya mutu za ka karɓa? Ina kake kai shi? In ya yi muku dariya, ku je shago na gaba. Ranar da mutum goma suka yi masa wannan tambaya a mako guda, zai nemo amsa. Ku guji tsofaffin fanel da batir da ake saukewa daga kwantena a ce muku na gida ne daga Turai. Da yawansu sharar wasu ce aka sayar muku, kun biya kuɗin jirginta kuma za ku biya na binne ta. Wanda ya samu hali ya sayi batirin lithium, ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, amma ya nemi ƙwararre mai takardar Hukumar Makamashi ya haɗa masa. Lithium in ya kama wuta ba ya jin ruwan bokiti, kuma kun san lungunanmu: motar kashe gobara ba ta shiga.

Mataccen batir kuma kada a fasa shi, kada a zubar da ruwansa, kada a bar shi a ɗakin da ake kwana ko inda yara ke wasa. A ajiye shi a tsaye, a inuwa, har a miƙa shi ga mai kai wa masana'anta. Ku da kuke zaman bes kuna shan ataya har tsakar dare, ga aikin da ya fi gardamar ƙwallon Hearts da Kotoko: ku haɗa kai ku samu ɗan shago mai siminti a ƙasa, ku yi rajista da hukumar kare muhalli ta EPA, ku riƙa tattara batiran unguwa cikakku kuna sayarwa da yawa. Mai kai ɗaya ɗaya ba shi da bakin ciniki, mai kai tan guda yana da shi. Ku jawo 'yan gwangwan cikin tafiyar, su ne suka san kowane gida. 'Yan mata, kada ku bar wa maza wannan fage. Haɗa sola aikin lissafi ne da natsuwa, kuma matan gida sun fi sakin jiki su bar mace ta shiga har ɗaki ta duba musu waya.

Masu karatun jami'a a cikinku, ku ma da naku. Tun 1999 dokar ƙasar nan ta wajabta nazarin tasirin muhalli kafin a fara babban aiki, kuma ana ajiye rahoton don jama'a su gani, ana kiran taron jin ra'ayi in abin ya shafi tashin mutane. Galibi ba mai zuwa daga cikinmu, sai an gama a zo ana kuka. Ku koyi karanta irin waɗannan takardu. In an ce za a kafa tashar sola a garin kakanninku, ku je ku zauna kusa da sarki da dattawa ku tambaya: itace nawa za a sare, matan da ke tsintar kaɗanya an ƙirga su cikin masu diyya ko mai ƙasa kaɗai aka sani, garin zai samu wutar ko waya ce kawai za ta wuce ta kansa, wa zai kwashe fanel ɗin in sun mutu? Kada ku je da niyyar hana aiki. Ku je don a gyara shi tun yana kan takarda, lokacin da gyara ba ya cin kuɗi. Mutanen tsohon Kete Krachi ba su samu wannan dama ba; ku kuna da ita, kuna da boko, kuna da waya.

Iyayenmu limamai kuma ina roƙon ku isar musu da wannan cikin ladabi. Sun daɗe suna karantar da mu haƙƙin maƙwabci da haramcin cutar da shi. To, wanda ke shan ruwa a ƙasa da kwatarmu maƙwabci ne, yaron da ke rarrafe a bayan shagon mai narka dalma ma haka. Huɗuba ɗaya a kan wannan za ta kai inda takardar gwamnati ba ta kaiwa.

Ku fara da masallacin unguwarku ranar Juma'ar nan. In akwai sola ko inbata, ku tambayi ladan ina aka kai batirin da aka cire na baya. In yana nan a bayan ɗakin alwala, ku ɗauke shi daga inda yara ke kaiwa, ku nemo inda za a miƙa shi da ruwansa a ciki. Allah ya yi muku albarka, ya tsare mana zuriya.